Ina son yin SIWES a fannin binciken musabbabin mutuwa: ina zan nema, me zan tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina aji uku a jami'a, ina karanta bayokemistiri, kuma zango mai zuwa za mu fita SIWES, wato horon da ake tura ɗalibai wuraren aiki su koya a aikace, na wata shida. Tun ina sakandare nake sha'awar aikin gano musabbabin mutuwa da binciken laifi ta hanyar kimiyya. Ina ya kamata in nema? Za a bar ni in taɓa aiki, ko kallo kawai zan yi? Sannan Mama ta ce ba ta ga abin da zai kai 'ya mace mutuware ba, har tana tambaya ko aikin ya halatta.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa Mama lafiya.

Na daɗe ina karɓar ɗalibai irinki a sashen nazarin cututtuka, kuma kusan duk wanda ya zo da wannan sha'awa da hoton talabijin yake zuwa: mutum ɗaya ya je inda aka yi kisa, ya ɗauko silin gashi da hantsaki, ya leƙa madubin likita, ya buɗe gawa da la'asar, kafin isha'i ya kama mai laifi. A zahiri wannan aikin mutum biyar ne ko shida, wasunsu ma ba su taɓa ganin juna ba sai dai sa hannun juna a takarda. Don haka bari in fara raba miki ƙofofin, kada ki ɓata wata biyu kina buga wadda ba taki ba.

Buɗe gawa aikin likita ne. Shekara shida a makarantar likitanci, shekarar horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan wajen shekara biyar ko shida na ƙwarewa a nazarin cututtuka ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Da digirin bayokemistiri ba za a miƙa miki wuƙa ba, a nan ko a waje. Amma abin da likita ya ɗebo, jini, fitsari, gutsuren hanta, abin da ya rage a tumbi, ba ya magana da kansa. Sai wani ya saka shi a na'ura ya faɗa mana abin da ke ciki da yawansa. Gano guba da ƙwaya da gwajin DNA su ne gonarki, kuma a ƙasar nan masu noma ta ba su da yawa. Idan kin tuna, bayan jirgin Dana ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 a ciki, sai da aka kai samfura Ingila kafin a iya tantance gawarwaki da dama a miƙa wa iyalansu. Cibiyar DNA ta jihar Legas sai a 2017 aka buɗe ta.

A tsakanin likita da ɗakin gwaji akwai doka. Tsarin da muka gada daga Ingila shi ne na korona. Ba cutar nake nufi ba, kodayake tun 2020 duk ɗalibin da na faɗa wa kalmar sai ya yi murmushi. Korona jami'i ne da doka ta ba ikon bincikar mutuwar da ba a gamsu da ita ba, kuma a Ingila ofishin ya samo asali tun 1194. A wajenmu galibi majistare ne ke riƙe da wannan hula. Wanda aka tsinci gawarsa, wanda mota ta kaɗe, wanda ya mutu a hannun hukuma, wanda aka kawo asibiti rai ya riga ya yi halinsa ba a san dalili ba, duk waɗannan nasa ne. Ɗan sanda mai bincike, wanda kowa ke kira IPO, shi ke kawo takardar umarni, sannan likita ya duba gawa ya rubuta rahoto. Legas ta sabunta dokarta a 2007, ta kafa ofishin babban likitan binciken gawa, shi ya sa kika ji an zauna zaman bincike a bainar jama'a bayan rushewar ginin cocin Synagogue a 2014 inda mutum 116 suka rasu. A jihohinmu na Arewa dokar tana nan a littafi, amma ana amfani da ita jefi-jefi.

To ina za ki nema? Wurin da ya fi kusa da ke shi ne asibitin koyarwa: na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos. Ki rubuta wa shugaban sashen nazarin cututtuka, ki nemi a raba miki lokaci tsakanin ɗakin gwajin sinadaran jini da ɗakin da ake sarrafa tsokar da aka ciro. Sai dai in faɗa miki gaskiya tun yanzu: a Arewa za ki iya gama wata shidanki ba ki ga an buɗe gawa fiye da sau biyu ko uku ba, wani lokacin ko sau ɗaya. Mutanenmu suna son a yi wa mamaci sutura kafin rana ta faɗi, kuma suna da hujjarsu. Idan burinki na'ura ne, ɗakin gwajin NAFDAC na Kaduna zai fi koya miki yadda ake raba sinadarai a gane su, haka ɗakunan gwajinsu na Yaba da Oshodi in kina da masauki a Legas. NDLEA tana da sashen da ke tantance ƙwayoyin da aka kama, 'yan sanda suna da nasu a Alagbon da ke Legas, EFCC ma tana da nata, amma nasu ya fi karkata ga takardu da wayoyi da kwamfuta. Wuraren da ke riƙe da kayan shaidar kotu ba su cika sakin jiki da ɗalibi ba, kuma ba rowa ba ce, zan gaya miki dalili nan gaba.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokan aikina ba za su yarda ba: kada sunan wuri ya ruɗe ki. Na ga ɗalibin da ya samu gurbi a wuri mai babban allo a bakin ƙofa, ya yi wata shida yana cajin waya da sayo wa ma'aikata abinci, saboda na'urar ta lalace tun bara ana jiran kayan gyara. Na kuma ga wadda ta zauna a ƙaramin ɗakin gwaji na asibitin jiha ƙarƙashin wani dattijo mai tsanani, ta fito hannunta ya faɗa. Kafin ki kai takardarki, ki je da ƙafarki. Ki tambaya wace na'ura ce ke aiki a wannan makon, wa zai riƙa sa miki hannu a logbuk, wato littafin da za ki riƙa rubuta aikinki na kullum, ɗalibai nawa aka ɗauka. In an ce arba'in a ɗaki ɗaya, ki yi sallama ki ƙara gaba.

Maganar waje ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A Amurka akwai ofisoshin binciken mutuwa sama da 2,000, wasu a hannun likitoci kamar na birnin New York da aka kafa a 1918, wasu a hannun korona da ake zaɓa da ƙuri'a, wanda a wurare da dama ba dole ne ya zama likita ba. Suna ɗaukar ɗalibai, galibi ba albashi, bayan an binciki tarihin mutum, kuma sun fi ɗaukar 'yan jami'o'in da ke kusa da su. Gurbin hukumar bincike ta FBI kuwa sai ɗan ƙasa. Wannan ba hanyar SIWES ba ce. In Allah ya kai ki digiri na biyu, a lokacin ne za ki duba irin jami'ar kimiyyar binciken laifi ta Gandhinagar a Indiya, ko Cape Coast da Kumasi a Gana, ko Afirka ta Kudu.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce gundarin maganar. Za ki taɓa aiki, amma ba wanda kike zato ba. Za ki wanke kwalabe, ki haɗa ruwan sinadari, ki auna, ki sake aunawa, ki riƙe ma'auni kusa da rauni a ɗauki hoto, ki rubuta abin da likita ke faɗa hannunsa na cikin aiki. Samfurin da zai je kotu kuwa ba za a bar ki ki gwada shi ke kaɗai ba, domin duk wanda ya taɓa shi lauya na da ikon kiransa akwatin shaida, kuma ba mai son a wayi gari shari'ar kisa ta rataya a wuyan 'yar aji uku.

Kin yi Islamiyya, don haka kin riga kin san abin da nake son koya miki. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don ta yi daɗi ko don ta yi kama da gaskiya. Sai sun tambaya: wa ya ji daga wa? In mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, ko aka samu wanda ba a san halinsa ba, hadisin ya raunana ko da lafazinsa ya yi kyau. Kayan shaida ma isnadi gare su. Kwalbar jini ta tashi daga hannun likita zuwa hannun ma'aikacin mutuware, zuwa IPO, zuwa mai karɓa a ɗakin gwaji, zuwa firiji, zuwa mai gwadawa, ta koma ma'ajiya. Kowane hannu sai da suna, kwanan wata, ƙarfe nawa, sa hannu, da yanayin hatimi: a rufe yake ko an taɓa. In awa uku ta ɓace a tsakani ba a san inda kwalbar ta kwana ba, lauyan wanda ake tuhuma ba ya bukatar sanin bayokemistiri. Tambaya ɗaya zai yi: ta yaya kika san wannan jinin na mamacin ne? Daga nan na'urar miliyoyin naira ta tashi a banza.

Kada ki ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A jihar Massachusetts ta Amurka an yi wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Annie Dookhan, wadda ta riƙa kallon hoda da ido ta rubuta cewa hodar iblis ce ba tare da ta gwada ba. Tana gama aiki ninkin abokan aikinta, ana yaba mata. Abin da ya fara tona ta ba wata babbar kimiyya ba ce: a 2011 aka lura ta fitar da samfura 90 daga ma'ajiya ba a shigar a littafi ba, ta koma ta cike gurbin da sa hannun wani. An ɗaure ta a 2013, kuma a 2017 aka soke hukunci sama da 21,000 da suka dogara da aikinta. Littafin shiga da fita ne ya kama ta, irin wanda za a ajiye a gabanki ki ji kamar an raina miki karatu.

Ni ma na taɓa ɗanɗana, a wani wuri da na yi aiki. Aka kawo gawa biyu daga haɗarin mota ɗaya da daddare, babu wuta, muna aiki da fitilar waya. Wani ɗalibi mai ƙwazo ƙwarai, don ya taimaka, ya jera kwalabe ya ce zai rubuta lamba in an gama. Da aka gama sai ga kwalabe huɗu iri ɗaya a tire ɗaya, shi kuma yana cewa yana jin na dama na direba ne. “Yana ji.” Kafin gari ya waye an riga an yi wa gawarwakin allurar fomalin mai hana ruɓewa, ba halin sake ɗiba. Tambayar da ake son amsawa ita ce ko direban ya sha wani abu, kuma ban iya amsa ta ba har yau. Laifin nawa ne fiye da nasa, don ni ne babba a ɗakin. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya zo wajena abu na farko da nake sa shi yi shi ne rubuta lamba a jikin kwalba kafin a zuba komai a ciki, a jikinta, ba a murfi ba, domin murfi yana canza gida.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da za ki ji ana nanatawa, kuma kowacce akwai dalilinta. Rigar da jini ya jiƙa ba a ƙulle ta a leda, shanya ta ake yi a inuwa ta bushe sannan a sa a ambulan na takarda, domin leda tana tara gumi, fumfuna ta cinye DNA ɗin. Jinin gwajin guba daga jijiyar cinya ake ɗiba, ba daga zuciya ba, saboda bayan mutuwa magunguna suna tsiyayowa daga hanta da huhu da tumbi su taru kusa da zuciya, sai ki ga adadi ya haura abin da mutumin ya sha. Kuma ana ɗiba kafin fomalin. Wannan shi ne yaƙin da za ki ga ana yi kullum a mutuwarenmu: ma'aikaci yana tsoron wuta ta ɗauke gawa ta lalace, sai ya yi sauri ya yi allura, alhali ruwan allurar yana ɓata gwajin guba, yana kuma farfasa DNA.

Ga wadda nake son ki riƙe da kyau, don ta shafi mutuncin mutane. Idan gawa ta fara ruɓewa, ƙwayoyin cuta na cikin hanji suna sarrafa sukarin jiki su mayar da shi barasa, kamar yadda kunu ke tsami in ya kwana. Ma'ana, mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba, in gawarsa ta yi kwana biyu a zafi, za a iya samun barasa a jininsa. Ki yi tunanin ɗalibar da ta ga wannan sakamako ta fita tana raɗa wa ƙawarta cewa ashe Malam wane yana sha. Ta kashe shi sau biyu, ta bar 'ya'yansa da abin gori. Shi ya sa ake zuba jinin a kwalba mai sinadarin fuloraid don ya tsayar da wannan tsamin, ake kuma ɗibar ruwan da ke cikin ƙwayar ido da fitsari a gwama, domin ido a killace yake, ruɓa ba ta saurin isa gare shi. Sai ukun sun yi magana ɗaya sannan mu ma mu yi.

Littattafan da za ki karanta kuwa yawancinsu a ƙasashen sanyi aka rubuta su, kuma gawa a Kano ba ta karanta su ba. Za su ce miki jiki yana hucewa da kusan digiri ɗaya duk awa, da haka ake ƙiyasta lokacin mutuwa. To jikin ɗan Adam 37 ne, Kano kuma a watan Afrilu takan haura 40. Ina zai huce ya je? A ɗaki mai rufin kwano gawa ƙara zafi take yi. Za su ce sandarewa tana farawa bayan awa biyu zuwa shida, ta cika wajen awa goma sha biyu, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. A bazara duk wannan gudu yake yi, har ki tarar ta zo ta wuce ciki ya fara kumbura a yini guda. Da hunturu kuma akasin haka: iska busasshiya takan ƙeƙashe yatsu da leɓe da fatar jiki kamar kilishi, gawa ta daɗe ba ta narke ba. Sannan kwantawar jini, wato yadda jini ke gangarawa ɓangaren da ke ƙasa ya bar shaida, wadda take nuna ko an juya gawa bayan mutuwa: a littafi za ki gan ta ja-ja a farar fata, a fatarmu sai kin duba tafin hannu, ƙarƙashin farce, cikin leɓe, da haske mai kyau. Ɗaliban da suka dogara da hoton littafi sukan ce babu, alhali tana nan.

Idan aka wuce kwana biyu ko uku, ƙuda ya fi agogo. Koren ƙudan nan da kike gani a mahauta yana isa ga gawa cikin mintuna, ya yi ƙwai a ido da hanci da baki da rauni, a zafinmu kafin kwana ɗaya tsutsa ta fito. Girman tsutsa da matakin da ta kai, in an haɗa da zafin wurin, suna ba da mafi ƙarancin kwanakin da gawar ta yi. Ana kashe wasu a ruwan zafi a ajiye a barasar gwaji, wasu a raine su har su zama ƙuda don a gane jinsinsu. A jami'ar Tennessee, tun 1981 wani masani William Bass ya killace fili inda ake ajiye gawarwakin da masu su suka bayar ana nazarin yadda suke ruɓewa. Mu ba za mu yi haka ba, amma ba abin da zai hana ki yin aikin kammala digirinki da mushen akuya ko zomo a bayan sashenku, ɗaya a bazara, ɗaya a damina, ɗaya a hunturu, kina auna zafi kina tara tsutsa. Ba ya cin kuɗi, wari ne kawai, kuma irin bayanin da mai bincike a yankinmu zai yi amfani da shi ne.

Za ki kuma koyi bambance abu uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai musabbabi, kamar sara a wuya ko gubar dalma. Akwai hanyar da rai ya bi ya fita, kamar zubar jini. Akwai kuma yanayin mutuwar: ta Allah da Annabi ce kamar yadda muke cewa, ko haɗari, ko kisa, ko mutum ya kashe kansa, ko ba a iya tantancewa ba. In kin ga takardar mutuwa an rubuta “zuciya ta tsaya” a matsayin musabbabi, marubucin bai faɗi komai ba, kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Kuma rubuta “ba a iya tantancewa ba” ba gazawa ba ce. Na fi jin tsoron ɗalibin da yake da amsa ga komai.

Gubar da za ki fi haɗuwa da ita ba ta finafinai ba ce, ta cikin gida ce. Fiya-fiya da danginta suna toshe sinadarin kolinestares mai daidaita aikin jijiyoyi, wanda kin riga kin karanta a aji, shi ya sa ake ganin ƙwayar ido ta tsuke da kumfa a baki, kuma auna ƙarfin wannan sinadari a jini gwaji ne da hannunki zai iya. Hayaƙin janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki yana kwashe iyali guda a dare ɗaya, unguwa ta ce aljanu ne ko kishiya ta sa guba a tuwo, alhali jininsu da ya yi ja garau yana faɗin gaskiya. Sau nawa gwaji ɗaya ya wanke matar da har an fara nuna ta da baki. Ki tuna kuma da Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. An yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da aka gwada jini aka ga dalma. Wannan ma binciken musabbabin mutuwa ne, ba ɗan sanda, ba kotu, kuma shi ya ceci yaran da suka rage.

Sai maganar Mama. Kada ki yi mata gardama, tambayarta tana kan hanya. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma wannan shi ne asalin da muke aiki a kansa: gawa tana da alfarma. Malamai sun zauna a kan mas'alar. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta yi fatawa a 1976, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta yi nata zaman a Makka a 1987, duka sun halatta buɗe gawa don binciken laifi da kuma gano cutar da ake tsoron yaɗuwarta, ta Makka kuma ta sa sharaɗin a tsaya iya bukata, a kuma binne duk abin da aka ciro. A cikin matsayar Makka akwai sharaɗin da ya shafe ki kai tsaye: gawar mace mata ne za su duba ta, sai in babu su. To in kowace uwa ta hana 'yarta, wa zai tsaya a kan gawar 'yar wani? Na sha ganin iyali sun ƙi amincewa, da aka ce musu mace ce za ta kasance a ɗakin daga farko har ƙarshe, sai uban ya yi shiru ya ce a yi. Ki kai wa Mama wannan, ki kuma roƙe ta ta tambayi malamin da ta yarda da shi. Ki ƙara mata da cewa yawancin kwanakinki a ɗakin gwaji za ki yi su, tsakanin kwalabe.

Abin da ɗalibi ke koya a Arewa wanda ba lallai ya koya a wani wuri ba shi ne aiki da agogon jana'iza. Dangi suna tsaye a waje, an riga an haƙa kabari, an sanar da sallah bayan azahar. Duk mintin da kika ɓata neman alƙalami, a kan zuciyar wasu kike ɓata shi. Sau da yawa abin da za a samu shi ne duba jiki daga waje, hoto, da ɗibar jini da fitsari da ruwan ido da sirinji, a sallami gawa cikin awa guda. Ba cikakken bincike ba ne, amma in an yi shi da tsari yana amsa tambayoyi da yawa. A Ingila yanzu ana saka gawa a na'urar hoton CT a maimakon yanka a wasu lokuta, kuma iyalan Musulmi da Yahudawa na cikin waɗanda suka matsa a yi hakan. Ki koyi yi wa dangi gaisuwa kafin ki yi musu tambaya. Ki rufe gawa, ki buɗe iya inda ake dubawa. Kada a ji dariyarki daga waje.

Game da lafiyarki, ba a fafe gora ranar tafiya. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Ki fara a makon nan, don ki shiga da aƙalla biyu a jikinki. Tarin fuka yana tashi a iska lokacin da ake aiki a kan huhu, don haka takunkumin N95 ne, ba na yadi ba. In an ce ana zargin zazzaɓin Lassa, ba wurin ɗalibi ba ne, ki tsaya a waje ko da an ce ki shigo. Hijabi ki samu gajere wanda zai shige cikin rigar aiki, ki ware shi daban, da takalmi rufaffe wanda ba zai koma gida ba. In allura ta soke ki, ki faɗa nan take, kada kunya ta sa ki ɓoye, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko.

Wayarki ta zauna a jaka. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya kore ki, ya ɓata shari'a, ya kuma sa wata uwa ta ga ɗanta a halin da ba za ta manta ba. Ko a logbuk ba a rubuta sunan mamaci, lamba ake sawa. Kuma ki sa rai ranar farko za ta girgiza ki. Ba jini ne ke kayar da mutane ba, wari ne, da kuma ƙananan abubuwa: lalle a ƙafar amarya, kuɗin makaranta a aljihun yaro. Ki ci abinci kafin ki shiga, in kin ji jiri ki zauna a ƙasa, ba wanda zai yi miki dariya don kowa ya bi ta nan. In kuma kin yi mako biyu barci yana gagarar ki, ki gaya wa mai kula da ke a mayar da ke ɗakin gwaji. Mun yi hakan ga likitoci ma.

Takardar neman gurbi kada ta wuce shafi ɗaya. Ki haɗa da wasiƙar sashenku ta SIWES, ki faɗi kwasa-kwasan da kika yi, ranar farawa da ta gamawa, da abu ɗaya takamaimai da kike son koya, misali gwajin guba a jini. Kada ki rubuta cewa kina son kama masu laifi. Ki kai wurare uku aƙalla, wata biyu ko uku kafin lokaci, ki karɓi shaidar an karɓa, ki koma bayan mako biyu da kanki, da safe, kafin shugaban sashe ya shiga taro. Alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, kada ki sa shi a lissafin kuɗin mota, yakan zo ne bayan an manta da shi. Ranar farko ki zo da farar riga, ƙaramin littafi mai ɗinki wanda ba a yage masa shafi, da alƙalamin maka biyu masu rubutu a jikin kwalba, don ɗaya zai ɓace kafin azahar.